Asalin Taliya da Gidajen Abinci na Gado a Ƙasar Italiya

A ƙasar Ruma, wadda hakiminta ke zaune a Batsari, da ƙasar Yarima, wadda hakiminta ke zaune a Safana, abincin mutane tun kaka da kakanni shi ne tuwon dawa da na gero, da fura da nono, da dambu, da ɗanwake. Amma duk wanda ya ci kasuwa a garuruwan nan ya san akwai wani abinci kuma da 'yammata ke talla, wanda ake yi da garin alkama, a murza shi sili-sili, a shanya bisa igiya, sa'an nan a dafa a ci da mai da yaji. Sunansa taliya. Mutane da yawa suna tsammani baƙuwar jiya ce wadda kamfanoni suka kawo cikin leda, alhali kuwa ta riga jirgin ƙasa isowa ƙasar Hausa.

Akwai wata ƙasa a Turai inda taliya ta zama kamar tuwo, watau Italiya. Mutanenta sun yi suna a duniya wajen ƙananan gidajen sayar da abinci waɗanda iyali guda ke riƙewa, ɗa ya gaji uba, jika ya gaji kaka. Da harshensu ana kiran irin wannan gida taratoriya, wanda ya fi shi tsufa kuwa ana ce masa ostariya. Labarinsu ya kamata manomi da mai tuwo-tuwo su ji shi, domin daga tukunyar talaka suka fito, kuma su ne suka rufa wa dubban iyali asiri sa'ad da gona ta kasa.

Masu sayar da abinci na farko

Italiya doguwar ƙasa ce da ta miƙe cikin Bahar Rum, arewa da Tarabulus. Babban birninta Roma. A cikin shekara ta 79 bayan haihuwar Annabi Isa, wani dutse mai aman wuta ya binne wani gari da ake kira Pompeyi da toka, kusa da birnin Napoli. Da aka tone garin bayan ɗaruruwan shekaru, sai aka tarar da rumfunan sayar da abinci kimanin 80, ko wace da dakali a bakin hanya, an kafa tuluna a cikin dakalin don zuba abinci. Dalilin yawansu kuwa, talakawan birni a zamanin nan cikin 'yan ɗakuna suke zaune, babu wurin kafa murhu, tilas su sayi abin da za su ci a waje.

Bayan wannan zamani, sai masaukai suka yawaita a bisa hanyoyin fatauci. Mai masauki shi ke ba baƙo ɗaki, ya ba dabbarsa harawa, matarsa kuma ta dafa masa abinci daga tukunyar da mutanen gida ke ci. Wannan shi ne asalin ostariya. Bahaushe ba zai yi mamakinsa ba, gama haka fatoma ke yi wa fatake a zango: matansa ke tuwo, shi kuwa ya tsare kayan baƙo da mutuncinsa. A birnin Bolonya akwai wata ostariya da aka sami sunanta cikin takardun shekara ta 1465.

Larabawan Sikiliya

A ƙarshen Italiya wajen kudu akwai wani babban tsibiri, Sikiliya, wanda ke fuskantar Tunis. Musulmi suka ƙetara daga Tunis suka shige shi a shekara ta 827, suka ci birnin Palarmo a 831, mulkinsu bai ƙare sarai ba sai 1091. Sun kyautata noman rani a tsibirin, suka yawaita rake da auduga da lemo. Ko bayan da mulki ya koma hannun Kirista, malaman Musulmi ba su bar fada ba. Ɗaya daga cikinsu shi ne Sharif Idrisi, wanda ya rubuta wa Sarki Roja na Biyu littafin labarin ƙasa, ya gama shi a 1154.

A cikin littafin nan Idrisi ya ambaci wani gari kusa da Palarmo mai suna Tarabiya, inda ake yin wani abinci na garin alkama mai kama da zare, wanda Larabawa ke kira itiriya. Ya ce ana yin sa da yawa, har ana loda shi cikin jiragen ruwa zuwa ƙasashen Musulmi da na Kirista. Abin da ya sa ya yi daɗin fatauci shi ne busarwa. Alkamar Sikiliya mai tsauri ce, in aka kwaɓa garinta aka murza aka shanya, sai ta shekara ba ta lalace ba, ga ta ba nauyi. Guzuri ne na matuƙin jirgi da na mai raƙumi.

Akwai wata tatsuniya da ta bazu, wai wani matafiyi Marko Polo ne ya kawo taliya Italiya daga ƙasar Sin. Amma shi bai komo gida ba sai 1295, ga shi kuwa tun 1279 an rubuta kwandon taliya cikin kayan gadon wani mutum a birnin Janowa, balle littafin Idrisi da ya riga komowarsa da shekara 141.

Yadda ta iso ƙasar Hausa

Ayarin raƙuma da ke tasowa daga Tarabulus yana biyowa ta Gadamas da Gat da Agadas, ya sauka Katsina da Kano. Larabawan da suka zo fatauci, waɗansu suka zauna, suka yi aure, suka kafa unguwanni, kamar Albaba a birnin Katsina, da Dandalin Turawa da Alfindiki a Kano. A da can su ake kira Turawa. Sunan Alfindiki daga kalmar Larabci ya fito mai nufin masaukin fatake, kuma ita wannan kalma ce mutanen Italiya suka ara suka sa wa manyan masaukan 'yan kasuwa a birnin Banis. Ashe kasuwa ɗaya ce ta haɗa Kano da Banis, hamada da teku a tsakani.

Su waɗannan Larabawa ba su iya rabuwa da abincin alkama ba. Daga gidajensu matan Hausawa suka koyi gurasa da alkaki da algaragis da taliya. Ana noman alkamar a fadama da ɗari, ana ba ta ruwa da jigo, saboda haka ba ta da yawa, kuma tana da tsada. Abincinta na sarakuna ne da attajirai, sai ko ran Salla da ran biki. Masana harsuna sun yi magana biyu a kan sunan taliya. Waɗansu sun ce daga itiriya ta Larabci ya fito, waɗansu suka ce daga sunan Italiya ne. Ko wanne aka ɗauka, hanyar dai ɗaya ce, ta Tarabulus.

A cikin 1911 sojan Italiya suka ci Tarabulus daga hannun Turkawa, a wannan shekara kuma hanyar jirgin ƙasa ta iso Kano. Fataucin hamada, wanda dama ya raunana, sai ya kwanta. Daga baya garin alkama ya riƙa zuwa daga kudu cikin buhu. An kafa kamfanin niƙa alkama a Ikko a 1960, da fulawa ta yi araha kuma aka sami ɗan injin murza taliya na hannu, sai abincin fada ya fita ƙauye, ya zama sana'ar matan aure a cikin gida.

Abincin talakan Napoli

A Italiya ma haka taliya ta fara, abincin masu hali. A ƙarni na 17 mutane suka yi yawa a Napoli, nama da ganye suka yi tsada. A lokacin nan ne aka yawaita aiki da wani injin katako mai matse ƙullu ta cikin faranti mai huda, taliya ta fito da yawa a ɗan lokaci, kuɗinta ya sauka. Masu sayarwa suka kafa tukwane a bakin titi, talaka ya zo da ɗan kuɗinsa, a zuba masa, a barbaɗa cuku, ya ci da hannu a tsaye.

Miyar tumatir, wadda yanzu ake ganin kamar tare aka halicce ta da taliya, daga baya ta zo. Tumatir ɗan Amurka ne, mutanen Sifen suka kawo shi Turai. An ambace shi cikin wani littafin Italiya a 1544, amma an daɗe ana tsoron cinsa, ana zaton guba ne. A 1839 wani mutumin Napoli, Ippolito Cavalcanti, ya buga yadda ake dafa taliya da tumatir cikin littafinsa na girki.

Italiya ba ta zama ƙasa guda ba sai 1861. Kafin nan sarautu ne barkatai, ko wace da abincinta. Mutanen arewa suna cin shinkafa da tuwon masara da man shanu, na kudu suna cin busasshiyar taliya da man zaitun da tumatir. A 1891 wani tsohon ɗan kasuwa, Pellegrino Artusi, ya tattara girke-girke 475 ya buga da kuɗinsa. Matan aure daga jihohi dabam dabam suka riƙa aiko masa da nasu, yana ƙarawa, har suka kai 790. Ta haka girkin uwayen gida ya shiga takarda.

Yadda ake cin abinci a taratoriya

Taratoriya ba ta da girma, sau da yawa teburorinta ba su wuce goma ko ashirin ba, iyalin kuma a saman benen suke kwana ko a bayan gidan. Aiki a rabe yake. Uwar gida ko kaka ita ke madafa, maigida ke cefane da asuba ya kuma tari baƙi a bakin ƙofa, 'ya'ya ke kai abinci su kwashe kwanuka. A waɗansu gidaje ba a ba baƙo takardar jerin abinci. An rubuta na ranar bisa allo, ko kuwa maigida ya zo ya faɗa da baki, domin abin da aka samu a kasuwa ran nan shi aka dafa.

Ba a kawo abinci gaba ɗaya, sai daki-daki. Da fari a kawo ɗan abin taɓa baki, kamar zaitun da cuku da gasasshen ganye, tare da burodi. Sa'an nan kwano na farko, watau taliya ko shinkafa ko romo. Taliyarsu ba a bari ta yi laushi ƙwarai, ana sauke ta da sauran ƙarfinta, miya kuma kaɗan ake sawa, ta dai shafe ta. Bayan wannan sai kwano na biyu, nama ko kifi, da ganye ko dankali a gefe. A rufe da 'ya'yan itace ko wani abu mai zaƙi, da gahawa baƙa cikin ɗan finjali. Ba tilas ba ne mutum ya ci duka, ma'aikaci ya kan tsaya ga kwano ɗaya ya koma bakin aikinsa. Amma ran Lahadi iyali su kan zauna sa'a biyu ko uku a tebur guda, tun daga kaka har jariri, ba mai korarsu, ba a kuwa kawo lissafin kuɗi sai sun nema. A wurare da yawa akwai ɗan kuɗi da ake ƙarawa ko wane kai, na burodi da shimfiɗar tebur.

Abu ɗaya ne Musulmi zai kula da shi in tafiya ta kai shi can. Mutanen Italiya suna sa naman alade cikin miya iri iri, suna kuma dafa waɗansu da giyar inabi. Sai baƙo ya tambaya tun kafin a zuba. A gidan iyali tambayar ba ta da wuya, gama wadda ta dafa tana nan kusa, ta san abin da ta sa a tukunya. Taliya da tumatir, ko da tafarnuwa da man zaitun, da kifi gasasshe, duk ana samunsu.

Sa'ad da yunwa ta kore su

Bayan haɗewar ƙasa talauci bai bar manoma ba. Gonaki suna hannun 'yan tsirarun masu ƙasa, haraji ya yi nauyi, har a kan niƙan hatsi. A arewa waɗanda ba su da abinci sai tuwon masara suka kamu da wata cuta mai ɓata fata da hankali. Saboda haka tsakanin 1876 da 1915 mutane kimanin miliyan 14 suka bar Italiya, waɗansu zuwa Faransa da Jamus, waɗansu Ajantina da Barazil. Amurka kaɗai ta karɓi fiye da miliyan 4 tsakanin 1880 da 1920. Da yawa cirani suka tafi da niyyar komowa, da yawa kuma can suka tabbata.

Galibinsu maza ne, 'yan ƙodago, masu haƙa rami da shimfiɗa hanyar jirgi. Wanda ya tafi da matarsa sai ya kama gida ya saukar da 'yan garinsu, matar ta dafa musu abincin gida su biya a ƙarshen mako. Da maƙwabta suka ji ƙanshi suka fara shigowa, sai a ƙara tebur, a rataya allo a ƙofa. Haka dubban gidajen abinci suka tashi a birnin Niyok da Boston da Buwenos Aires, ba da wani jari ba sai tukunya da hannun uwar gida. Ba su bar gida da gona ba, ba su bar shi da shanu ba, abin da suka iya shi kaɗai ya bi su cikin jirgi.

Nijeriya ma ta sami rabonta na waɗannan matafiya, ko da yake magina ne. Mutum biyu daga wani ƙaramin gari, Rowasiyo, suka kafa kamfanin gini na Cappa da D'Alberto a 1932. Kamfanonin Italiya ne kuma suka gina madatsar ruwa ta Kainji, wadda aka gama a 1968, da ta Bakolori kusa da Talatar Mafara, wadda aka gama a 1978.

Gidaje biyu

Labarin gidaje biyu ya isa ya nuna abin da ke riƙe irin wannan sana'a. Na farko yana Roma, a unguwar Tastaccho, inda aka gina babbar mayankar birni wajen 1890. Mahautan wurin, watau rundawa, a kan ba su kayan ciki da ƙafafu da wutsiya a cikin ladan aikinsu, abin da masu kuɗi ba su so. Sai su kai wani gida da ke daura da mayanka a dafa musu. Gidan nan, Checchino, ya sami izinin dafa abinci a 1887. Matan gidan suka ƙware wajen dafa wutsiyar sa da kayan ciki, har abincin mahauta ya zama abin da manyan mutane ke nema. An rufe mayankar a 1975, amma gidan ya wuce shekara 130 a hannun zuriya ɗaya, suna dafa abin da kakanninsu suka dafa.

Na biyu yana Niyok. Wata mace, Luisa Leone, ta buɗe shi a 1906 a cikin ɗakin zaman gidanta, da kujera 20. Abinci ya yi daɗi, ga yawa, ga araha. Gida ya bunƙasa har ya kai kujera 1,250. Ta rasu a 1944, ɗanta ya ci gaba, sa'an nan a 1959 aka sayar wa wani babban kamfani. Sunanta ya zauna bisa allo, amma babu sauran ɗan gidan a madafa ko a bakin ƙofa. Aka rufe shi a 1994.

Mutanen Italiya da kansu sun tsorata kada gidajen gado su ƙare. A 1986, da kamfanin McDonald's ya buɗe shago a tsakiyar Roma, wani ɗan jarida, Carlo Petrini, da abokansa suka tashi suka kafa ƙungiya ta kare abincin gargajiya. Daga 1990 suka fara buga littafi ko wace shekara mai nuna wa matafiyi ostariyoyin da ke dafa abincin jiharsu da amfanin gonar maƙwabtansu, a kuɗin da talaka zai iya biya. Tun 1967 kuma hukuma ta yi doka cewa busasshiyar taliyar da za a yi don sayarwa a ƙasar, da alkama mai tsauri za a yi ta, kada a yi algus.

Abin lura

Mai karatu a Batsari ko Safana ya san zafin barin gona. A shekarun 2019 da 2020 'yan bindiga daga dajin Rugu suka tashi ƙauyuka da yawa a ƙasashen nan biyu, mutane suka gudu zuwa cikin Batsari da Dutsin-ma da birnin Katsina, waɗansu har ƙasar Maraɗi. Gona ba ta ɗaukuwa a ka, shanu kuwa an kore. A gidaje da dama abin da ya hana yara kwana da yunwa shi ne kaskon ƙosai, da tandar waina, da injin taliya na uwarsu. Abin da matan Italiya suka yi a Niyok ke nan.

Bambancin da ke akwai shi ne, su can sun ɗauki sana'ar abin gado. Sun sa mata sunan gidansu, suka koya wa 'ya'yansu maza da mata, suka rubuta yadda ake girkin don kada ya bi tsohuwa kabari, suka kuma riƙe lissafin abin da ya shiga da abin da ya fita. Wanda ya fita ajin yaƙi da jahilci ya iya biyun nan na ƙarshe, ba ya bukatar kowa ya yi masa. Sauran kuwa hali ne: tsabtar kwano da ruwa, mudu ɗaya ga sani da baƙo, da sakin fuska, gama shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma. Wanda ya ci ya ƙoshi bai yi ciwon ciki ba, gobe shi zai kawo wani. Gidan da ya yi shekara ɗari a Roma da dafa wutsiyar sa ya fara, abin da attajirai suka raina. Dambu da ɗanwake da taliya 'yar murji ba su kasa wutsiyar sa daraja ba.

Allah ya zaunar da ƙasar Ruma da ta Yarima lafiya, ya mai da kowa gonarsa, ya sa albarka ga sana'ar hannu, amin.